Kaya a Gaba, Mai Kaya a Baya: Tarihin Aika Kaya a Ƙasar Gobir

Maƙalar wannan mako a kan kaya take, kayan matafiyi, da yadda aka yi har mutum ya saba da rabuwa da kayansa a wata ƙasa, ya tura su gaba shi ya biyo baya, ko ya riga su isowa gida ya zauna zaman jira.

Duk wanda ya taɓa zuwa yi wa alhaji barka da sauka a Sabon Birni ko Isa ya san tambayar da ke biyo bayan gaisuwa. Ba a cika tambayar zafin Mina ko cunkoson jifa da farko ba. Abin da ake fara ji shi ne, "Alhaji, kaya sun iso kuwa?" Wani ya ce sun riga shi, wani ya ce suna Sakkwato, wani ya yi murmushin yaƙe ya ce ana dai sa rai. Ruwan zamzam ma ya fi ban mamaki. A tsarin da ake bi yanzu, jiragen da suka kai alhazai sukan dawo ba fasinja, sai a loda musu zamzam, lita 5 ga kowane alhaji. Ke nan sau da yawa ruwan yana ajiye a Najeriya tun mai shi bai tsaya Arfa ba. Muna ganin wannan kamar sabon abu ne da jirgin sama ya kawo. Jirgin sabo ne, amma matsalar tsohuwa ce: wa za ka ba kayanka, me zai nuna naka ne, kuma in sun salwanta wa zai biya?

Mu fara da ƙasar kanta. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa sun yi shekaru suna neman wurin zama. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, a zamanin Sarki Mayaƙi. Daga baya, a wajajen shekarun 1860, Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni ba nisa da kufan Alƙalawa. Isa kuwa tana ɓangaren daular Sakkwato, sarautarta a gidan zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Saboda haka tun kafin Bature ya zo da taswirarsa, wannan yanki bakin iyaka ne. Mai jaki da ya tashi daga Tsibiri zai nufi Isa ko Shinkafi yana ratsa ƙasar sarakunan da ba sa ga maciji da juna. Amma dangi ɗaya ne a kowane gefe, kuma gulbin da ya ratsa Maraɗi shi ne yake gangarowa ya shiga Rima. Yaƙi bai taɓa hana gishiri da gero wucewa gaba ɗaya ba.

A zamanin ayari, dokar farko ita ce mutum ba ya rabuwa da kayansa. Falke yana tafe a bayan jakinsa, idonsa a kan mangala, ya kwana a zango kansa a kan taiki. Masu zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, wani lokaci shekara ta zagayo kafin a ga ƙurarsu. Goro kuma ba kaya ne da ake ɗaurewa a manta da shi ba. Sai an riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa, ana sauya ganye, ana tsince wanda ya fara lalacewa kada ya shafi sauran. Wa zai yi maka wannan wahala in ba kai ba, ko ɗanka, ko baranka? Shi ya sa Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi aike.

To me yake yin gaba a wancan lokaci? Labari. Ayari yana da madugu, wanda shi ke magana da sarakunan hanya a kan abin da za a biya kafin a wuce. Yana da jagaba, wanda ke gaba ya san ruwa, ya san mashiga, ya san inda 'yan kwanta ke fakewa. A garin da za a sauka kuma akwai maigida, wanda ya san da zuwan baƙinsa tun ba su iso ba, ya tanadi ɗaki da wurin ɗaure dabbobi da dillalin da zai sayar. A ganinmu wannan maigida shi ne kakan duk wani kamfanin aika kaya da muke gani yau. Shi ne mutum na farko da falke ya yarda ya bar wa kaya ya juya baya. In kasuwa ta yi sanyi, sai baƙo ya bar ragowar a hannunsa ya wuce wani gari, in ya dawo a yi lissafi. Buzayen da ke kawo kantun gishirin Bilma, irin su Kel Geres da ke maƙwabtaka da Gobir ta arewa, su ma da masu masaukinsu suke hulɗa, ana barin gishiri ana karɓar hatsi, kakanni su bar wa jikoki wannan zumunci.

Ba rasit, ba tambari. Abin da ke riƙe da maigida shi ne sunansa. Ranar da aka ce ya ci kayan baƙo, labarin zai riga shi zuwa kowane zango, kuma ba wanda zai sake sauka gidansa. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya ga irin wannan tsari da idonsa a unguwar Sabo ta Ibadan a shekarun 1960, inda ake tura shanu kudu a turo goro arewa, dukiya mai yawa tana yawo a kan bashi da yarda tsakanin mutanen da ba su taɓa sa hannu a wata takarda ba.

Kada mu ɗauka kakanninmu sun bar abin a hannun kunya kaɗai. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala da Mukhtasar, sun yi wa wannan batu filla-filla, kuma duk mai sha'awar tarihin kaya ya kamata ya zauna gaban malami ya ji babin. Wanda aka ba ajiya amintacce ne. In ya ce ta ɓace ba da sakacinsa ba, ana karɓar maganarsa. Amma in an ba shi a gaban shaidu, to in ya ce ya mayar sai ya kawo shaidu. Mai jirgin ruwa ba ya biyan kayan da suka nutse, sai dai shi ma ba shi da kuɗin haya in bai kai kaya inda aka yi alkawari ba. Wanda ya fi ba mu sha'awa shi ne hukuncin ɗan dako. A asali ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa, amma malamai suka keɓe kayan abinci: in hatsi ko makamancinsa aka ba shi ya ce ya ɓace, zai biya, sai in ya kawo shaida, ko kuma mai kayan yana tare da shi a tafiyar. Dalilinsu a fili yake, hannu yana saurin kai wa ga abinci. Ku lura da wannan sharaɗi na ƙarshe. Tun ƙarnuka da suka wuce an gane cewa kayan da mai su ke biye da su daban, kayan da aka tura su kaɗai daban, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Za mu sake cin karo da wannan bambanci a dokar jiragen sama.

Sai Turawa suka zo. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Faransawa suka ga layin ya tura su cikin hamada, ba su da hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram, suka yi ta ƙorafi har aka gyara a 1904 da 1906. Tsakanin 1906 da 1908 tawagar Tilho da O'Shee ta bi ƙasa tana kafa turaku, guda 148 daga Kwara zuwa tafkin Cadi. Tsibiri da Maraɗi suka faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa hannun Ingila. Daga ranar, wanda ya ɗauki buhun gero ya kai wa gwaggonsa a Gidan Runji ya zama mai tafiya ƙasar waje. Abin dariya ne in ka faɗa wa tsoho a ƙauye, amma a takarda haka yake.

Kalmar "fito" ta isa ta ba da wannan labari ita kaɗai. Asalinta ƙetare gulbi ne, ka biya mai jirgi kuɗin fito. Sai ta koma sunan abin da ake biya a kan kaya a hanya. Yau in ka ji an ce 'yan fito a bakin iyaka, ana nufin waɗanda za ka ba kaya a wancan gefe, ka tsallako hannu rabbana, su kawo maka su wannan gefe ta hanyar da suka sani. Ba muna yabon fasa-ƙwauri ba ne. Muna cewa ne iyakar da aka shata a tsakiyar dangi ita ta koya wa mutanenmu cewa wani lokaci ya fi sauƙi mutum ya bi wata hanya, kayansa su bi wata.

Babban sauyi na halal kuwa jirgin ƙasa ya kawo shi. Dogo ya isa Kano a 1911. Tun kafin nan wasu 'yan kasuwa, Alhasan Ɗantata na cikin na gaba-gaba, sun gane cewa maimakon a yi watanni ana korar jakuna daga Gwanja, ana iya loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Da dogo ya haɗe, sai goron ya ƙarasa arewa cikin kwanaki. A nan ne mai kaya ya fara riƙe takarda a maimakon akala. A 1929 reshen da ya tashi daga Zariya ya bi Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda. Ga mutanen Isa da Shinkafi da Sabon Birni, Ƙaura ita ce bakin teku. Gyaɗa da auduga da fata da dabbobi can suke nufa, kayan kanti da goro daga can suke shigowa. Mutum ya kai kaya tasha a auna, a rubuta, a ba shi rasit, ya juyo gida. Wanda bai iya karatun boko ba ya riƙe wannan 'yar takarda kamar laya, don ya san ita ce jakinsa, ita ce kuma shaidarsa.

Wannan ya zo daidai da bunƙasar ci-rani. Lardin Sakkwato ya yi suna a kan haka. Ƙidayar da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953, wadda R. M. Prothero ya yi nazari a kanta, ta nuna mutum fiye da dubu 250 sun fita lardin neman kuɗi, wasu ƙasar Yarbawa, wasu har Gana. Ɗan ci-rani ba ya son ya shigo gari da kaya niƙi-niƙi a lokaci ɗaya, ido ya yi masa yawa, kuma hanya ba ta da tabbas. Sai ya riƙa turo abin da ya samu kaɗan-kaɗan ta hannun ɗan garinsu da ya riga shi tasowa: turmin atamfa na uwa, fitila, daga baya rediyo da keke. Da motoci suka yawaita, direba da ɗan kamasho suka gaji wannan aiki. Har gobe haka ake yi. Ka kai saƙo tasha, a rubuta suna da lambar waya a jikin kwali ko buhu, ka biya kuɗin saƙo, ka kira gida ka ba su lambar direba. Maigidan zango ne ya sake riga.

Waɗanda ba su turo da wuri ba sun ga darasi mai ɗaci. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice. Hausawan zango da suka yi shekaru suna tara abin duniya suka sayar da shi a wulaƙance ko suka bar shi nan, don mota ba ta da wurin mutum balle gado da kwanuka. A 1983 Najeriya ta yi wa nata baƙin irin wannan kora, har jakar nan mai zane ta samu sunan da muke kiranta da shi yau, Ghana Must Go. Yawancinmu mun ɗauki wannan jaka zuwa makaranta ba mu san sunanta tabon gudun hijira ba ne.

Yanzu mu koma ga alhazai, don a nan maganar ta fi yawa.

Alhajin dauri ba ya tura kaya gaba, domin shi kansa bai san yaushe zai isa ba. Hanyar ƙasa ta bi Barno, ta ƙetare Cadi ta Abeshe, ta shiga Darfur, ta kai El Obeid inda jirgin ƙasan Sudan ya iso a wajajen 1912, sannan Suwakin a bakin Bahar Maliya. Mutane sukan yi shekaru, suna tsayawa noma ko ƙwadago su tara guzurin zango na gaba. Da yawa ba su dawo ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa Sudan da waɗanda suka tsira, garinsu yana nan a bakin kogin Nilu har yau. Irin waɗannan matafiya kayansu shi ne abin da kai ko jaki zai ɗauka: Alƙur'ani a gafaka, buta, tabarma, ƙwarya. Wanda Allah ya maido gida, tsarabarsa ba ta wuce abin da ya rataya ba.

Masu hali ne suka fara bin teku. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi haji a 1921 ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. A 1948 wasu attajiran Kano, Muhammadu Nagoda da Haruna Kasim da Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da motoci zuwa Sudan, tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Cikin shekarun 1950 jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, sannan dokar 2006 ta haifar da NAHCON da muke da ita yanzu.

Jirgin sama ya rage wa alhaji wahala, amma ya zo da abin da jaki bai taɓa zuwa da shi ba, wato sikeli. Jaki in ka ƙara masa kaya zai yi nishi ya tafi. Jirgi ba ya nishi. Shekaru da yawa ƙa'idar alhajin Najeriya ita ce babbar jaka mai kilo 32 da ta hannu mai kilo 8. A ɗaya gefen kuma ga al'adarmu. Wanda ya je Makka daga Gatawa ko Bafarawa ba shi kaɗai ya je ba, ya je ne da fatan unguwa guda. Akwai dabino da bagaruwa na masu zuwa barka, tasbaha da hula na dattawa, darduma ta liman, jallabiya ta surukai, kwalli da turare na mata, abin wasa na jikoki. Hajiya mai aurar da 'ya kuma tana da nata lissafin daban. Kilo 40 ba zai ɗauki wannan kunya ba. Daga wannan rata tsakanin sikeli da zumunci aka samu sana'ar kago, kamfanonin da hukuma ke ba izini su karɓi rarar kayan alhazai a Makka da Madina su turo su daban.

Har babbar jakar ma ba tare da mai ita take barin masauki ba. Ana yin awon kaya a Makka kwanaki kafin tashi, a loda a manyan motoci a kai Jidda. Alhazai sun san wannan rana, ranar da ake zazzage jaka a tsakar masauki ana cire abin da ya yi nauyi, wani ya sa riguna uku a jikinsa, wata ta ɓoye gorar zamzam a tsakiyar zannuwa alhali an hana, a gano a na'ura a buɗe jakar a cire, jakar ta makara, ta jawo wa na kusa da ita makara. Sai a ɗaure jaka da tsumma mai launi, a rubuta suna da jiha da ƙaramar hukuma da babban baƙi. Wannan tsumma bai bambanta da alamar da falke ke yi wa taikinsa ba.

Ga abin da muke ganin ya kamata kowane mai shirin tafiya ya sani, ko haji ko umara ko karatu ko neman kuɗi. Dokar duniya da ke kula da kayan jirgin sama ta faro ne daga yarjejeniyar Warsaw ta 1929, shekarar da dogo ya iso Ƙaura, sannan ta Montreal ta 1999 ta gaje ta, kuma Najeriya da Saudiyya duk suna ciki. Wannan doka ta raba kaya gida biyu, kamar yadda malamanmu suka raba. Jakar da ke tafiya a kan tikitinka, in ta ɓace, iyakar diyyarta tun daga ƙarshen 2024 ita ce 1,519 na wani ma'aunin kuɗi da Asusun Lamuni na Duniya ke amfani da shi, SDR. Kayan da ka tura su kaɗai a matsayin kago kuwa da kilo ake biyansu, SDR 26 kowane kilo, ko zinari ne a ciki ko tsumma, sai fa in ka bayyana darajarsu tun farko ka biya ƙari. Ku yi lissafi: kilo 32 a kago bai wuce 832 ba, kusan rabin abin da jakar tikiti za ta iya samu. Akwai kuma wa'adi. Jakar da ta lalace kwana 7 ne a rubuta ƙorafi, kago kwana 14, jinkiri kwana 21. Mutumin da ya sauka Sakkwato ya wuce ƙauye, aka yi mako biyu ana zuwa yi masa barka, kafin ya waiwayi maganar lokaci ya ƙure. Kuma mu da aka raina a kan "Allah ya mayar da alheri" ba mu cika son rubuta ƙorafi a kan kayan Makka ba, kamar yin haka zai rage ladan hajin. A ganinmu ba ya ragewa. Haƙuri halin kirki ne, amma wanda ya karɓi kuɗi don ya kai kaya ba ajiya aka ba shi don Allah ba, kuma ko a fiƙihu mai haya daban, mai ajiya daban.

Akwai ranar da maganar kaya ta zama ƙarama. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda zai kawo su Sakkwato ya kama wuta jim kaɗan bayan tashi, sakamakon tayoyin da suka fashe don ƙarancin iska. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya fita. Manyanmu a wannan jiha ba sa son a tuna musu da wannan shekara. Mun kawo ta ne don kada mu yi ta lissafin kilo mu manta cewa tambayar farko ta asali ita ce ko mai kayan ya iso.

Iyaka ma ba ta daina wasa da kayan mutane ba. Daga Afrilun 1984 zuwa 1986 gwamnatin soja ta rufe iyakokin ƙasa, abin ya haɗu da fari, har mutanen Maraɗi suka sa wa yunwar shekarar suna El Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake garƙamewa har Maris 2024. Kowane rufi yana kama kayan wani a tsakiya. Mutum yana nan, buhunansa suna can, tsakaninsu tafiyar da babur zai yi kafin shayi ya huce.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne na yanzu. Jaka takan taso daga Jidda ta sauka filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku cikin kamar awa biyar. Daga nan zuwa Sabon Birni ko Isa ne tafiyar take zama abin addu'a. A Satumbar 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa saboda 'yan bindiga, ta ce a zagaya ta Goronyo da Sabon Birni, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, namu biyu na ciki. Ku tuna duk tsarin saƙon tasha a kan lambar waya ya tsaya. Ba waya, ba wanda ya san kaya sun taso, ba wanda ya san direba ya tsaya ina. A Disambar shekarar aka tare motar matafiya kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta da mutane a ciki, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar 23. A 2024 a kan hanyar Goronyo aka ɗauke Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bai dawo da rai ba. Hanyar da sarki bai tsira ba, ina kwali mai lambar waya?

Sai ga shi mun koma tsarin ayari ba da son ranmu ba. Motoci suna jiran juna su tafi a jere, wani lokaci da rakiyar jami'an tsaro. Ana tambayar wanda ya fito daga gaba ko hanya ta yi kyau, aikin jagaba ke nan. Direba yana auna ko ya karɓi saƙo mai tsada ko ya ƙi. In aka tare mota aka kwashe kaya, ba mai kayan da zai iya kallon idon direban da ya tsira da ƙyar ya ce ya biya, kuma ba inshorar da ta san da zaman wannan hanya. Asarar tana komawa kan wanda ya yi wata shida yana tura baro a Ikko ko yana haƙar zinari a Jado.

Aika kaya gaba ma ya sami wata ma'ana da kakanninmu na zamanin Alƙalawa za su gane nan take. Iyalai a ƙauyukanmu suna tura hatsi da kayan ɗakin 'ya'yansu wurin dangi a cikin gari, ko Sakkwato, ko tsallaken iyaka, ba don sun yi niyyar tafiya ba, sai don in dare ya yi muni su gudu da 'ya'ya kawai. Waɗanda ba su samu wannan dama ba su ne dubban da suka tsallaka jihar Maraɗi tun daga 2019, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau. Da yawansu sun isa da tufafin jikinsu, kuma waɗanda suka fara buɗe musu ƙofa Gobirawan can ne, jikokin mutanen Tsibiri.

A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Zai bi Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Idan an gama shi, mai kaya a Maraɗi zai iya riƙe rasit kamar yadda kakanninmu suka riƙe a Ƙaura a 1929. Layin bai biyo ta wajenmu ba. Ɗan Sabon Birni da ke son amfani da shi zai fi kusa da tashar Maraɗi, a wata ƙasa, fiye da kowace tasha mai aiki a tasa ƙasar, kuma kafin ya kai can sai ya tsallake turakun Tilho da kayansa, ko ya ba wani ya tsallaka masa da su.